DAGA ADJAMÉ ZUWA TREICHVILLE: SAWUN GYARAN WATA KAT-KAT

Duk wanda ya zauna Abidjan ya san unguwannin nan biyu da suka sa Plateau a tsakiya, watau Adjamé daga arewa, Treichville kuma daga kudu a ƙetaren lagun. Adjamé ƙofar tudu ce, a nan manyan motocin Bouaké da Korhogo da Bondoukou suke juye fasinja, a nan gbaka suke cika su batse tun asuba. Treichville kuwa ƙofar teku ce tun 1951, shekarar da aka buɗe tashar jiragen ruwa bayan haƙa mashigin Vridi. Mutanenmu sun daɗe da kafa zango a dukansu biyu, wasu da goro, wasu da fawa, wasu da kaskon garba. Amma akwai wani zumunci tsakanin unguwannin wanda sai mai tsohuwar mota ya san shi: abin da aka kwance a Adjamé, sau da yawa sai an ƙetara gada zuwa Treichville kafin ya haɗu.

Mun shaida haka a hutun makaranta na watan Disamba, da muka bi gyaran motar wani ɗan'uwanmu ɗan kasuwa. Toyota Land Cruiser ce, samfurin 70 ɗin nan da aka fara ƙerawa a 1984, irin wadda ake kira kat-kat saboda ƙafafunta huɗu duka suna ja. Da ita yake shiga ƙauyukan Bondoukou sayen kashu, ga shi kakar kashu a Fabrairu take buɗewa, kuma ya riga ya ba manoma kafin alƙalami. In mota ba ta tashi ba, wani ne zai kwashe kayan, shi kuma ya dawo bin bashi. Sauya mota kuwa ba abin wasa ba ne, domin dokar da gwamnati ta kafa a Disamba 2017, wadda ta fara aiki a Yuli 2018, ta hana shigo da ƙaramar motar da ta wuce shekara 5. Saboda haka tsohuwar kat-kat dukiya ce, lallaɓa ta ake yi.

Ciwon motar yana cikin akwatin raba ƙarfi, wanda makanikai ke kira buwat tiransifer. Yana manne a bayan babban akwatin giya. Shi ne ke karɓar juyin inji ya aika shi ta kardan biyu, ɗaya zuwa ƙafafun baya, ɗaya zuwa na gaba. Ƙaramin sandan da ke gefen sandan giya shi ne linzaminsa. In an sa shi a H2, ƙafafun baya kaɗai ke ja. A H4, duka huɗu. A L4 kuwa gudu ya ragu sau biyu ko biyu da rabi, ƙarfin ja ya ƙaru daidai da haka, don hawan tudu da fita daga taɓo. To, motar Alhaji tana wani irin kuka da ke ƙaruwa da gudu, mai yana ɗiga a ƙarƙashinta, kuma da an sa ta a L4 ta ɗauki nauyi sai sandan ya fizge ya koma furi.

Garejin da muka nufa yana can cikin lungun Adjamé, rumfar kwano ce da rami ɗaya da yara masu koyo wajen shida. Uban garejin dattijo ne mutumin Maraɗi. Alhaji ya ce masa, "Baba, an ba ni shawara in sayo wani akwatin ɗungurungum a Kas a ɗaura." Dattijon ya ce, "Alhaji, bari mu ji ta bakin motar tukuna. Ba a yanke wa marar lafiya ƙafa don ya ce tana ciwo."

Da farko ya sa aka tuƙa ta, yana zaune ya kasa kunne. Ya sa direba ya canza giya daga ta uku zuwa ta huɗu a gudu ɗaya, kukan bai canza ba, watau yana bin gudun ƙafa ne, ba juyin inji ba. Aka hau rami, ya girgiza kardan biyu ya duba mahaɗansu masu kama da gicciye, domin su ma in sun ci suna ƙara, har a ɗora wa tiransifer laifin da ba nasa ba. Nasu lafiya lau, amma bakin da kardan na baya ke ɗaure a jikin akwatin yana rawa a hannu. Sannan ya kwance notin zuba mai kafin na tsiyayewa, ya ce wa yaran kowa ya riƙe wannan: in ka zubar da mai sannan na sama ya ƙi kwancewa, ka ɗaure mota. Man da ya fito kamar koko da madara, alamar ruwa ya shiga, ga burbushin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. Ƙaramar kafar shan iska da ke saman akwatin kuma laka ta toshe ta. In akwati ya yi zafi bai sami mafitar iska ba, sai ya tura mai ta robobin baki. In ya faɗa rafi ya huce farat ɗaya, sai ya tsotsi ruwa ta nan.

Aka sa alama a bakunan kardan don su koma yadda suke, aka sauke akwatin, aka raba shi biyu, aka wanke komai da gazuwal aka jera a kan kwali bi da bi. Wannan samfuri haƙora ne zalla a cikinsa. Wasu kuwa, irin su Mitsubishi Pajero, sarƙa ce ke kai ƙarfi gaba, kuma in ta saki sai ka ji tana tsallake haƙori, ƙas-ƙas, lokacin da aka taka wuta. A nan manyan haƙoran ba su da tabo. Abin da ya mutu shi ne rulma, wanda 'yan Nijeriya ke kira boris, da sandan tsakiya da ya yi zane, da cokalin da ke tura zoben giya, da zoben kansa wanda bakin haƙoransa ya dulmushe. Shi ya sa yake zamewa daga L4.

Sai muka shiga farautar kaya. Shekara da shekaru Adjamé ta yi suna da Kas, kasuwar da ake fiɗar matattun motoci da irin waɗanda ake wa laƙabi da Faransa-sai-wata-rana. Hukuma ta sha tayar da masu wannan sana'a, har aka ba su fili a N'Dotré can wajen Abobo, amma mai neman tsohon ƙarfe yakan fara cigiya ne daga Adjamé. An nuna mana akwatuna cikakku, an wanke su fes, kowane mai kaya yana rantsuwa nasa sabo ne. Dattijon ya ce sayen rufaffen akwati cinikin biri a sama ne, don ba ka san kilomita nawa ya ci ba. Ya zaɓi cokali da zobe kawai daga wani da aka riga aka buɗe, ya gwada su da tsofaffin, ya ƙirga haƙora. Rulma da roba kuwa, ya ce, ba a sayen kwance.

Washegari bas ɗin SOTRA ya ratsa da mu Plateau, muka hau gadar Houphouët-Boigny ta 1957, wadda jirgin ƙasa ke bi ta ƙarƙashinta, ga gadar de Gaulle ta 1967 can gefe. Treichville ta ci sunan Marcel Treich-Laplène, Bafaranshen da ya taka har Bondoukou a 1888. Titunanta a miƙe suke kamar layin littafin lissafi, kowanne da lambarsa, ba kamar lungunan Adjamé ba. A nan kantunan sababbin kaya suke, manyan dilolin mota kuma suna ta wajen Boulevard de Marseille. Ciniki a nan da lamba ake yi: ka kawo lambar shasi, ko ka karanta wadda aka zana a jikin tsohon rulma. Mun ga rulma iri biyu masu lamba ɗaya, na Japan da wani marar asali mai araha. Alhaji ya ɗauki na Japan da sabon sanda da robobi da takardar manne, yana cewa sayen nagari mai da kuɗi gida. Bakin kardan da roba ta yi wa zobe kuma muka kai wa mai injin sassaƙar ƙarfe, ya sa masa riga ya goge.

Haɗawa ta fi kwancewa cin lokaci. Rulman baya ba a barinsa sako-sako, ba a kuma shaƙe shi. Da waɗansu siraran faifan ƙarfe ake daidaita shi, ana ƙarawa ana ragewa, ana auna nauyin juyinsa har ya yi daidai da abin da littafin kamfani ya faɗa. Nan ne yaro ɗaya da ya yi makaranta ya yi rana, shi ke karanta lambobi, dattijo yana ɗaurewa da sifana mai awo. Aka buɗe kafar iska, aka zuba man giya har bakin rami, aka fita da motar wani hawa mai jar ƙasa da buhunan yashi a baya. Sandan ya zauna daram a L4, kuka ya ɗauke.

Kafin mu rabu dattijon ya yi wa direba gargaɗi uku, mun ga ya kamata mu isar. Kada a bar mota irin wannan a H4 a kan busasshiyar kwalta, domin ƙafafun gaba da na baya ba sa tafiya daidai a kwana, haƙora ne ke shan wahalar. Kada a haɗa tayoyi masu girma dabam-dabam. Kuma duk ranar da aka ƙetare ruwa mai zurfi, a duba launin mai. Mu kuma namu roƙon ga iyaye shi ne, yaron da za a kai gareji a bar shi ya iya karatu da lissafi, don gyaran yau da awo ake yinsa. Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba da kasuwa mai albarka, amin.