Mushen da ya koma ɗalibi

Makon jiya na kama wani yaro a ajina yana kiɗa a kan tebur ana tsakiyar lissafi. Na daka masa tsawa, na ce nan lakwal ce, ba gidan biki ba. Da aka tashi na tambaye shi inda ya koya. Ya ce wurin kakansa, wani tsohon masunci a bakin kogi nan Gaya, kuma duk gidansu babu mai zama ya saurari tsohon sai shi. Daren nan na daɗe ban yi barci ba, don marigayi Malam Maman Barka ya faɗo mini a rai.

Yawancinmu da gurmi muka san shi. Mun manta cewa malamin makaranta ne kamarmu, ɗan Tesker a jihar Damagaram, wanda ya riƙe alli kafin duniya ta san muryarsa. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi Tafkin Cadi wurin Bukar Tar, dattijon da ya rage shi kaɗai a gwanayen biram, abin kiɗan masuntan Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. Mutumin da ya riga ya yi suna ya durƙusa ya zama ɗalibi. Da tsohon ya rasu, biram bai bi shi kabari ba. Malam Barka ya kawo shi Yamai, ya kai shi har Turai, kafin shi ma ya rasu a 2018.

A Birazil ma an yi irinsa. Tun daga 1932 Heitor Villa-Lobos ya jagoranci koyar da waƙa a makarantun birnin Rio, ya tattara waƙoƙin gargajiya na yara a littafi don amfanin malamai.

Na san fargabar iyaye, ni ma uba ne: kada yaro ya bar karatu ya bi roƙo. Amma Malam Barka da karatunsa ya ceci biram. Mu kuwa muna da tsofaffin da ke riƙe da waƙoƙin su da na noma, cikin Dandanci da Hausa, muna ta binne su ba mu rubuta ko baiti ɗaya ba.

Na aika yaron ya gaya wa kakansa ina nan tafe ranar Laraba da yamma, da littafi da alƙalami. Na kuma ba shi haƙuri a kan tsawar.