Rediyon Da Ke Ɗaukewa Yana Dawowa

Abin da ya lalace ɗungum ba shi da wuyar sha'ani, ko a gyara shi ko a yar. Mai ba da wahala shi ne wanda ke aiki yanzu, an jima ya tsaya, in ka kirawo wani ya gani sai ya ci gaba kamar bai taɓa yin kome ba. Irin wannan ne ya same mu a ɗakin kimiyya, na ga ya kamata in ba 'yan'uwana labari, don watakila wani zai so ya nuna wa almajiransa wannan na'ura in ya fita koyarwa.

Sunanta RTL-SDR, tsawonta kuwa bai fi yatsa ba. Asali an ƙera ta ne don kallon talabijin a kwamfuta, sai a shekarar 1912 da ɗari, watau 2012, wani mutumin Finlan, Antti Palosaari, ya nuna tana iya zama rediyo. Ita ba ta fid da murya da kanta. Aikinta ta auna igiyar rediyo sau miliyan 2.4 a kowace daƙiƙa, ta tura lambobin ta kafar USB, kwamfuta kuma ta mai da su murya da zane. Saboda haka hanyar nan ba ta son tsaiko ko na ƙiftawar ido.

To, da ita na shirya darasin da za a auna ni a kai, saura mako biyu, ga ta kuwa tana ɗaukewa sa'ad da ta ga dama. Kowa ya zo sai ya ce eriya ce. Malaminmu bai ce kome ba, sai ya miƙo mini littafi, ya ce in riƙa rubuta lokacin da ta tsaya, da abin da ake yi a ɗakin, kada kuma in sāke abu biyu a lokaci guda.

Bayan kwana uku littafin ya nuna mana ashe ciwo biyu ne. Na fari, murya ta riƙa sarƙewa alhali na'urar tana nan. Akwai ɗan umarni, rtl_test, mai faɗin abin da ya zube a hanya. Muka tarar an ɗaga gudunta zuwa miliyan 3.2, wanda shi ne iyakarta, ba ta kuwa jure masa. Da muka mai da shi 2.4 sarƙewa ta ƙare.

Na biyun shi ne mugun. Na'urar kan ɓace ɗungum, kamar an zare ta. Kwamfutarmu Linux take amfani da shi, in ka buga dmesg za ka ga an rubuta ta fita, an jima ta sake shigowa, alhali ba wanda ya taɓa ta. Nan na wanke eriya daga zargi. Eriya marar kyau shuu take jawowa, ba ta da ikon ɓad da na'ura daga idon kwamfuta. Abin da ke yin haka ƙarancin wuta ne, ko bakin kafa da ya saki.

Ga lissafin. Kafar USB 2.0 tana ba da bolt 5, da miliamfa 500. Na'urar tana cin kusan 300. Tamu kuwa ta zo da siririyar waya mai tsawon mita 5, don a kai ta bakin taga, irin wannan waya kuma tana iya shanye rabin bolt kafin wuta ta isa. Har wa yau an jona ta ne a wani ɗan akwati mai kafa huɗu wanda ba shi da wutar kansa. Da na duba littafi sai na ga yawancin ɓacewar bayan cin abincin rana ne, lokacin da samari kan shigo su liƙa wayoyinsu a sauran kafafun don caji. Ba na ganin laifinsu, ɗakin kwana ba kullum ake samun wuta ba.

Muka cire akwatin, muka jona na'urar da gajeriyar waya mai kauri a jikin kwamfuta, tsawon kuma muka mai da shi wajen wayar eriya. Ta yini tana aiki. Don mu tabbata, muka mai da tsohuwar wayar, muka liƙa wayar hannu, nan take ta ɓace. Masu Windows su ƙara duba abu guda: yakan kashe kafar USB don tattalin batir, sai an hana shi.

Ran darasi ta yi minti 40 ba ta tsaya ba. Yara suka ga tashoshin FM tsaye a allo kamar tudu, wani yaro ya tambaya me ya sa tudun ke rawa in mai labarai ya yi magana. Littafin yana nan a aljihun tebur na ɗakin kimiyya, da sauran shafi ga wanda zai ɗauke ta bayana.