Kilo ɗaya, shekara takwas

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kasuwarmu lokacin da ake sauke tirela ya san nauyin buhun shinkafa mai kilo 50. To ku haɗa uku. Wannan nauyin, kilo 150, shi wata mata mai suna Ele Opeloge ta ɗauko daga ƙasa, ta kawo kafaɗa, ta cilla shi sama da kanta a gasar Olamfik ta birnin Bejin a 2008. Kafin nan ta fizgi kilo 119 a ɗagawa guda. Jimilla 269.

Ele 'yar Samowa ce, wasu tsibirai can tsakiyar tekun Fasifik, waɗanda mutanensu duka ba su wuce dubu 200 da 'yan kai ba. Har zuwa ranar, ƙasarta ba ta taɓa cin lambar Olamfik ko ɗaya ba. A ajin mata masu nauyi sama da kilo 75, Jang Mi-ran ta Koriya ta Kudu ta yi wa kowa fintinkau da kilo 326. Ta biyu 'yar Yukren ce, ta uku 'yar Kazakistan da kilo 270. Ele ta zo ta huɗu. Kilo ɗaya, jama'a! Ko mudun gero bai kai ba.

Abin da ya ja ni ga labarin nan shi ne wadda ta zo ta biyar: tamu ce, Maryam Usman ta Najeriya. Su biyun suka koma gida hannu rabbana.

Ashe hukumar Olamfik tana ajiye fitsarin 'yan wasa na shekaru. A 2016 aka sake gwada na Bejin da sababbin na'urori, sai ga ta biyu da ta uku duk sun sha ƙwayar ƙara ƙarfi. Aka ƙwace lambobinsu. Ele ta koma ta biyu da azurfa, Maryam ta uku da tagulla. A 2017 aka miƙa wa Ele lambarta a Apiya, babban birnin ƙasarsu.

Na ji masu cewa ai shi ke nan, gaskiya ta yi halinta. Ni dai ban gamsu ba. Ele tana da shekara 23 a Bejin, hukuncin ya same ta tana da 31. Ɗaga ƙarfe ba sana'ar da ake tsufa a cikinta ba ce, gwiwa da kafaɗa ba sa jiran alƙali. An ba ta lambar, amma wa zai mayar mata da ranar? Hawa dandamali a gaban duniya, tutar ƙasarta tana tashi, tarbar da za a yi mata a filin jirgi, duk waɗanda suka yi maguɗi ne suka sha wannan daɗin. Mu da muke zaune a garin wasu mun san irin wannan. Sau nawa ɗan kasuwa yake cin shari'ar rumfarsa bayan jarin ya riga ya karye?

Ba ta zauna jiran kowa ba kuwa. A gasar ƙasashe rainon Ingila ta 2010 a Delhi ta ci zinare, Maryam na biye da ita, kuma ɗan'uwanta Niusila shi ma ya ci zinare a ajin maza. Gidansu gidan ƙarfe ne, kamar yadda ake samun gidan dambe a wajenmu. A 2014 a Gilasgo sai reshe ya juye da mujiya: Maryam ta ɗauki zinare, Ele azurfa. Sau biyu ke nan suna tsayawa kafaɗa da kafaɗa a kan dandamali, kowacce tana ɗauka cewa ba ta da lambar Olamfik.