Dalilin da ya sa na rabu da tsohuwar motata, da abin da na sa a gurbinta



Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar mota a Legas ya san rabuwa da ita akwai wuya. Ka riga ka biya kuɗinta tun shekaru, ka san kukanta, ka san inda za ka taɓa ta tashi. In wani ya ce ka canza, amsa tana bakinka: da wane kuɗin? Da yawa daga cikinku sun tare ni suna tambaya ina akwalar nan tawa ta shiga, kuma me ya sa wadda nake hawa yanzu take da tukunya a but. Shi ya sa na ga gara in rubuta bayanin gaba ɗaya, ko wani mai irin wannan lissafin a ransa zai amfana.

Motar ƙirar 2001 ce, mai silinda shida. Tokunbo na saye ta a 2012, irin wadda a gida muke ce wa Beljiyam. Ba zan ci amanarta ba, ta yi aiki. Ta ɗauko amare, ta raka gawa, ta kai masu jinya asibiti, ta je gida Sallah ta dawo ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Kun san yadda zaman ci-rani yake: motar mutum ɗaya ta unguwa ce gaba ɗaya.

Amma ƙarfe ma yana tsufa. A shekaru biyun ƙarshe ringi ya cinye, ta koma shan baƙin mai, duk mako sai na ƙara. In na taka totur sai hayaƙi shuɗi ya turnuƙe bayana. Lagireto yana yoyo, jarkar ruwa ta zama 'yar gida a but. In gosulo ya riƙe mu a Iyana Ipaja, idona yana kan allurar zafi, ba ya kan hanya. Yaran unguwa har sun saba, da sun ji tana tari da safe sai su taho turi tun kafin in kira.

Wani dare da misalin ƙarfe biyu maƙwabcina ya buga mini ƙofa, iyalinsa naƙuda ta tashi. Na murza makulli, shiru. Muka tura har bakin titi, shiru. Da ƙyar aka samo mai keke ya kai su, Allah Ya sa aka sauka lafiya. Babu wanda ya ce mini uffan a kan maganar. Sai dai daga ranar na lura an daina buga mini ƙofa da dare. Mutane sun yanke wa motar hukunci cikin ladabi, kuma suna da gaskiya. Abin da ake nema a mota shi ne ta tashi a lokacin da ake buƙatarta.

Aikin sakatare ya saba mini da rubuta komai, don haka na ware littafi na wata shida. Duk naira da ta tafi kan motar sai na rubuta: fetur, baƙin mai, fulogi, kuɗin bakanike, kuɗin mai wayarin, kuɗin janwe, har kuɗin motar haya na ranakun da take kwance a gareji. A wata shidan nan sau goma sha ɗaya ta kwana a gareji. Da na haɗa jimla, ta zarce kuɗin hayar gidana na shekara guda. Tsohuwar mota ba ta karɓar kuɗinta a dunƙule, da kaɗan-kaɗan take tatsa, shi ya sa mai ita yake ganin kamar yana tattali.

Kowa kuma ya san abin da ya sauya lissafin. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 a gidajen man gwamnati ba. Cikin 'yan kwanaki ta kusa 500. Zuwa watan Oktoba na 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Injin silinda shida da ya tsufa, a irin wannan farashi, rijiya ce mai cin guga.

Sai maganar hayaƙi, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai. Bankin Duniya ya fitar da wani bincike a 2020 kan iskar Legas, ya ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska ta yi sanadin mutuwar mutum kusan 11,200 a 2018 kaɗai, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Motoci na kan gaba cikin abubuwan da aka ɗora wa alhaki, tare da masana'antu da janareto. To ku duba su wane ne suke wuni a bakin titi a garin nan. Mai shayi, mai tsire, mai gyaran takalmi, mai yankan farce, mai tura ruwa a kura, 'yan dako a Mile 12, masu canji a Agege. Namu ne. Wanda ke cikin mota ya ɗaga gilashi ya wuce, wanda ke tsugune a gefen kwalta shi ke shaƙa daga safe har dare. Duk sanda na tsaya sayen shayi na bar injin yana aiki, na san abin da nake hura wa mutumin da nake gaisawa da shi.

Akwai wani abu da ya kamata kowane mai mota ya sani. A cikin salansa akwai wani sashe mai kama da saƙar zuma, wanda kanikawan nan suke kira indomi. Aikinsa shi ne tace hayaƙi, ya juya guba irin su kabon monoksaid zuwa abin da cutarwarsa ta ragu kafin ya fita. Akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa, irin su filatinam, shi ya sa ake cire shi a sayar. Wani ma bakanike ne zai ce masa ya toshe, a cire mota ta ƙara gudu. Motoci da yawa a titunanmu babu shi. Tawa ma da aka duba, babu komai a ciki.

Da na yanke shawarar canzawa, hanyoyi uku ne a gabana, kuma kowacce na bi ta na yi tambaya.

Ta farko mota mai aiki da lantarki zalla. Babu salansa, babu hayaƙi, babu canjin baƙin mai. Ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan: a nan Legas aka harhaɗa Hyundai Kona mai lantarki, aka nuna ta a ƙarshen 2020, a zamanin da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton nan da ya zana Chevrolet Volt a Amurka, yake shugabantar hukumar kula da ƙera motoci ta ƙasa. Amma kuɗinta ya fi ƙarfin irinmu. Kuma ni gidan haya nake, a titi nake ajiye mota. In har sai na tayar da janareto zan yi mata caji, to na ɗauke hayaƙin daga salansa ne na kai shi ƙofar ɗakin 'ya'yana.

Ta biyu ita ce mai haɗin gwiwa, wadda ake kira haibirid, irin Toyota Prius da aka fara sayarwa a Japan tun 1997. Tana da injin fetur da kuma babban batir. In ka tsaya a gosulo injin yana mutuwa da kansa, in ka taka burki batirin yana samun caji. Ga garin da rabin tuƙinsa tsayuwa ce, wannan dabara ce mai kyau, kuma duk mai hali ina ba shi shawarar ya duba ta. Abin da ya hana ni shi ne, wadda kuɗina zai iya saye ta riga ta haura shekara goma, batirinta ya ja kwana, canjinsa kuwa kuɗi ne mai kauri. Sannan in ta ba ni matsala a tsakanin Mokwa da Kontagora, samun wanda ya iya ta sai an sha wuya.

Ta uku ita ce na bi. Na nemi ƙaramar mota mai silinda huɗu, wadda ta fi tsohuwar ƙuruciya da shekara goma, na sa aka mayar da ita mai amfani da iskar gas ta CNG tare da fetur. Kafin in biya, na je da bakaniken da na yarda da shi, ba na dillali ba. Aka sa mata na'ura, aka ɗaga ta aka duba ƙasanta ko ruwa ya taɓa cinye ta, aka kuma tabbatar indominta yana nan. Kuɗin kuwa daga kwasar adashi ne, da abin da na tara, da rancen da wani ɗan uwa ya ba ni ba tare da ruwa ba. Allah Ya saka masa da alheri.

Bari in yi bayanin CNG ɗin, domin ana yawan rikita shi da gas ɗin girki. Ba ɗaya ba ne. Na girki ruwa-ruwa yake a cikin tukunya, kuma ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya. CNG iskar gas ce da ake matsewa da ƙarfi har ma'aunin ba 200, wato kusan ninki casa'in na iskar da ke cikin tayar mota. Ta fi iska sauƙi, in ta tsiyaya sama take yi. Saboda wannan matsin, tukunyarta ta musamman ce, mai kauri, wadda ba a yi mata walda. A watan Oktoba na 2024 wata mota ta fashe a wani gidan gas a Benin, mutane suka jikkata, aka kuma gano tukunyar haɗin gida ce da mai walda ya yi. Don Allah kada araha ta ja wani ya kai motarsa ƙarƙashin bishiya a sa masa tukunya. A je cibiyar da hukuma ta amince da ita, a ga lambar tukunya da ranar ƙera ta, a karɓi takarda. Gwamnatin tarayya ta kafa shirin CNG na fadar shugaban ƙasa tun 2023, har an yi wa wasu masu motocin haya juyin kyauta. Ni da yake tawa ta gida ce, da kuɗina na yi.

Ga abin da na gani bayan na fara hawa. A 2024 ana sayar wa ƙananan motoci ma'aunin gas ɗaya, wanda ke kai ka kusan inda litar fetur za ta kai ka, a kan naira 230. Daga baya farashin ya ɗaga, amma har yanzu akwai rata mai faɗi tsakaninsa da fetur. Littafin nan nawa yana nan, kuma kuɗin mai na wata ya sauko ƙasa da rabi. Baƙin mai yana daɗewa bai yi baƙi ba. In ka tsaya a bayanta ba ka jin yajin nan a ido.

Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tukunya ta cinye kusan rabin but, buhun shinkafa da na masara ba sa shiga tare. A hawan gada ƙarfinta yana ɗan raguwa. Ciko ɗaya yana kai ni kimanin kilomita 150 a cikin gari, gidajen gas kuma ba su da yawa, wani lokaci sai na yi awa guda a layi. Na koyi zuwa bayan sallar asuba ko in zan wuce ta Ibafo. Sannan kada wani ya ɗauka gas ba ya gurɓata komai. Shi ma ƙonawa ake yi. Iskar da ke ɗumama duniya da yake fitarwa ta gaza ta fetur da kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kawai. Babban bambancin yana wajen toka da gubar da ake shaƙa a titi.

Tafiya gida kuwa ita ce ta sa ban yarda a taɓa tankin fetur ba. Da na tafi Sallah, gas ya kai ni Ibadan, daga nan na danna maɓalli na koma fetur har Ilori, Jebba, Mokwa, har gida. Gidajen CNG sun fi yawa a Kudu, inda bututun gas yake, da kuma Abuja. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yunin 2020, shi ake sa ran zai sauya wannan. Kafin gidajen gas su wadatu a Arewa, ɗan Arewa mazaunin Kudu yana buƙatar mota mai cin tuwo biyu.

Saura tsohuwar. Wani matashi daga cikin yaranmu ya zo da kuɗinsa yana so ya saya ya riƙa kabu-kabu. Tayinsa ya fi na kowa. Na zaunar da shi na buɗe masa littafin, shafi-shafi, na ce ya karanta. Da ya gama ya yi shiru, ya mayar da kuɗinsa aljihu. Na sayar wa masu yanka mota a kan kuɗin da bai kai rabin nasa ba. Ƙofofi da fitilu da gilasai za su yi wa wasu motocin amfani, sauran ƙarfen a narkar. Da na ba shi, da jarinsa ya ƙare a gareji cikin wata uku, hayaƙin kuma yana nan a titinmu, direba kawai aka canza.

Na san ba kowa ke da halin canza mota a wannan marra ba, kuma ba ina cewa kowa ya ci bashi ba ne. Wanda zai ci gaba da tasa, ya canza baƙin mai da matatar iska a kan lokaci, ya daidaita iskar taya, ya kashe injin in tsayuwa za ta yi tsawo, kuma ya hana kowa taɓa masa indomi. Wanda yake tsaka-tsaki, ya sayi littafi na naira ɗari biyu ya rubuta kashe-kashensa na wata shida kafin ya yanke hukunci. Wanda kuma ya shirya juyawa zuwa gas, ya same ni bayan taro in nuna masa takardun tawa da tukunyar, ya gani da idonsa kafin ya kai motarsa ko'ina.

Allah Ya tsare mu a hanya, Ya sa albarka a abin da muke nema.