Wata Biyar Ina Shayar Da Babana Ruwan Karas

Na daɗe ina juya wannan labarin a raina kafin na yarda in rubuta shi, domin wawan da ke cikinsa ni ne.

Babana mai karas ne. Ya haura shekara talatin yana tura baro a unguwannin Kano. Da an idar da sallar asuba yake kama hanyar kasuwar 'Yankaba ya saro buhu, ya dawo gida mu zauna mu wanke, mu kankare, shi kuma ya jera kashi-kashi ya yayyafa ruwa ya fita. In lokacin karas ya wuce sai ya koma mangwaro ko yalo ko rake, amma sunan bai taɓa canzawa ba. A firamare "ɗan mai karas" ake kirana, na kuma sha dambe a kan haka. Da kuɗin wannan baron aka biya mini har na karɓi difloma a aikin jarida. Ku riƙe wannan, aikin jarida, inda darasin farko shi ne kada ka yaɗa abin da ba ka tantance ba.

Shekara biyu da suka wuce, wajen ƙarshen damina, Baba ya fara cewa hazo yake gani, alhali hunturu bai ko leƙo ba. Daga nan ya fara kuskuren canji, ya ba mutum ɗari biyar a madadin ɗari biyu. Da daddare fitilar mota ta riƙa kashe masa ido. Umma ta ce a kai shi asibiti. Ni na ce a dakata tukuna, ai maganin yana cikin gidanmu. Na ga saƙonni a waya ba ɗaya ba, ba biyu ba, cewa ruwan karas yana wanke ido tas, har mai tabarau ya ajiye tabaransa. Kuma ai abu ne da kowa ya sani tun muna yara.

Na ranto bilenda a gidan yayata. Kullum da safe, in akwai wuta, sai na markaɗa manya guda biyar ko shida, na tace na miƙa masa. In babu wuta na goga a magogi na matse da tsumma. Ranar farko ya karɓi kofin ya yi murmushi ya ce, "Malam mai difloma, ni da na shekara talatin ina cin ragowar kasuwa, in da karas na gyara ido ai da daga zauren nan nake hango Makka." Na ce masa ci daban, sha daban. Bai ƙara magana ba, ya shanye. Daga baya na gane ba don ya yarda ya sha ba, gudun kada ya kunyata ɗansa mai ilimi ne a gaban ƙannensa.

A wata na huɗu, gab da magariba, ya afka kwata da baron gaba ɗaya. Ƙafa ta gurɗe, kaya suka zube a cikin ƙazanta, jarin makon ya tafi. Kun san abin da na yi? Ƙara yawan karas ɗin na yi, na mayar da shi safe da yamma.

Umma ce ta fara lura, wata rana tana zuba masa ruwan wanke hannu. Tafin hannunsa ya koma ruwan ɗorawa, haka ma tafin ƙafa. Nan take gida ya rikice, aka ce shawara ce. Tsoron shawara ne ya kai mu asibitin da na hana a je saboda ido.

Likitar ta duba tafin hannun, ta ja fatar idonsa ƙasa ta leƙa, sannan ta ce, "Baba, me kake ci da yawa a 'yan watannin nan?" Baba bai ce komai ba, ya nuno ni da haɓa. Da na yi bayani sai ta yi 'yar dariya. Ta ce shawara tana rina farin ido, nasa kuwa fari ne fes. Launin karas ne ya taru a fatarsa, ba ya cutarwa, in ya daina sha zai washe da kansa cikin makonni. Sai ta haska ƙaramar tocila a cikin ƙwayar idon, dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Yana ce, kuma ta nuna sosai. Tun yaushe kuke zaune da shi a haka?" Ban iya ɗago kai ba.

An yi masa aiki a idon hagu, bayan wasu makonni aka yi na dama. Ranar da aka cire bandejin farko, ya daɗe yana kallon Umma, sannan ya ce, "Ashe haka kika yi furfura?"

Kunya ce ta kai ni karatu. Na ce sai na gano inda wannan magana ta samo asali, tunda ta ci mana wata biyar da jari da lafiyar ƙafa.

Abin da na fara tararwa shi ne maganar ba ƙarya ce zalla ba, shi ya sa ta yi ƙarfi. Karas yana ɗauke da sinadarin bita-karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Sunan karotin ma daga sunan karas aka ciro shi, domin a cikinsa wani Bajamushe mai suna Wackenroder ya fara tace shi a 1831. Ido yana buƙatar bitamin A don gani a wuri mai ƙarancin haske. Wanda ya rasa shi, da rana ta faɗi sai ya koma lalube. Hausawa sun san wannan ciwon tun kafin su san karas, har suna da sunansa: dundumi. Na tuna kakata tana gasa wa wani ɗan maƙwabta hanta saboda dundumi, ashe kuwa tana kan hanya, domin hanta tana cikin abincin da ya fi kowane yawan bitamin A. Rashin wannan bitamin shi ne kan gaba wajen makantar da yara makantar da za a iya kauce mata, dalilin da ya sa ake ɗiga wa ƙananan yara shi a baki lokacin rigakafi. To amma iyakar aikin karas ke nan: ya cike gurbin wanda ya rasa. Mai isasshen bitamin A ko ya cinye baro guda ganinsa ba zai ƙaru ba. Yanar ido kuwa, wadda ita ce ta fi makantar da mutane a duniya, ƙwayar gilashin cikin ido ce ke dusashewa, kuma babu abin ci ko na ɗigawa da ke mayar da ita garau. Sai aiki.

Abu na biyu shi ya fi ba ni mamaki. Yaƙin Duniya na Biyu yana da hannu wajen kumbura sunan karas. Daga Satumban 1940 jiragen Jamus suka riƙa yi wa Landan da sauran biranen Birtaniya ruwan bama-bamai cikin dare. An hana kunna fitilu, gari ya yi duhu ƙirin. Sojan saman Birtaniya sun saka wa jiragensu sabuwar na'urar rada mai gano jirgin abokin gaba a cikin duhu, kuma sirri ce. Wani matuƙi mai suna John Cunningham ya yi fice wajen kakkaɓo jiragen Jamus da daddare, har jaridu suka laƙaba masa suna mai idon kyanwa. Bayanin da aka bar jama'a da shi shi ne matuƙan dare suna cin karas da yawa. A daidai lokacin kuma abinci ya yi wuya, sukari sai da kati, karas kuwa ya yi yawa a gonaki. Ma'aikatar abinci ta ƙirƙiro wani zanen barkwanci, karas riƙe da jakar likita, mai suna Doctor Carrot, aka cika gari da hotunan da ke cewa karas zai taimaka maka ka gani cikin duhu. Mutane suka ci, suka yi alewa da shi, suka zuba a kek a madadin sukari. Yaƙi ya ƙare a 1945, amma tallar ba ta mutu ba. Ta yi ta tafiya daga baki zuwa baki, daga littafin firamare zuwa saƙon waya, har ta iso zauren wani mai baro a Kano, ta hannun ɗansa.

Tunda na fara, sai na ci gaba. Ashe karas ba da wannan launin ruwan goro ya fara ba. Wanda aka fara nomawa don saiwarsa, a yankin Afganistan da Farisa sama da shekara dubu da suka wuce, shunayya ne da rawaya. Daga can ya bi ƙasashen Larabawa har Andalus, inda masanin noma Ibn al-Awwam na Ishbiliya ya yi bayanin irinsa ja da rawaya a ƙarni na 12. Mai ruwan goron da muka sani manoman Holan ne suka zaɓe shi suka inganta shi wajen ƙarni na 17. A nan ma na kusa sake faɗawa rami. Akwai labari mai daɗi da ke yawo cewa sun rina shi ne don girmama William na gidan sarautar Orange. Har na kwafe shi a littafina, sai na tuna kofin Baba, na koma na bincika. Babu wata shaidar tarihi da ke tabbatar da shi. Daɗin faɗa kawai gare shi.

Akwai wasu ƙananan abubuwan. Kalmar "karas" jam'in Turanci ce muka aro har da wutsiyarta, kamar yadda muka yi wa silifas. Larabawa na ce masa jazar, Indiyawa gajar, kuma wannan jan abin zaƙin da ake yawan ambata a finafinan Indiya, gajar ka halwa, karas ne aka dafa da madara da sukari da man shanu. A dokar Tarayyar Turai kan haɗa jam, an lissafa karas cikin 'ya'yan itace. Zomo, da zane-zanen talabijin suka maƙala wa karas, a daji ciyawa da ganye yake ci, yawan karas ma zaƙinsa na yi masa illa. Sannan jiki ya fi tatsar amfanin karas in an ɗan dafa shi da mai, a kan a gartsa shi ɗanye. Manja ma da ke cikin miyarmu ya fi karas yawan karotin nesa ba kusa ba, ga zogale, ga kabewa, ga mangwaro.

Wata rana da yamma na zauna ina karanta wa Baba waɗannan abubuwan, ƙafarsa a miƙe kan tabarma. Ya saurara har na gama, sannan ya fara nasa. Ya ce karas ɗin tsakiyar hunturu ya fi zaƙi, sanyi ne ke sa shi. Wanda kafaɗarsa ta yi kore rana ce ta taɓa shi a gona, yana da ɗaci, a yanke wurin. Mai ƙafa biyu dutse ya tarar a ƙasa ko ɗanyen taki. In kana so ya kwana biyu bai yi yaushi ba, cire ganyen, don ganyen ne ke zuƙe ruwan saiwar. Ya ce manoman da yake sara a wurinsu irin gwangwani suke saye duk shekara, shi bai taɓa ganin furen karas a gona ba. Na koma na duba ɗaya bayan ɗaya. Duk daidai. Har dalilin furen na samu: karas shuka ce mai zagayen shekara biyu, shekarar farko tana tara abinci a saiwa, sai ta sha sanyi sosai sannan ta yi fure a ta biyu. Mu kuwa tun a watannin farko muke tuge ta. Mutumin da bai shiga aji ba, duk abin da ya faɗa a kan karas ya gani da idonsa ne ko ya taɓa da hannunsa. Ni da na yi difloma, abin da na faɗa an turo mini ne. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji Hausawa, ni kuwa a wuyan mahaifina na ɗaura nawa.

Dalilin da ya sa na kawo wannan gare ku shi ne, mu ne masu turawar gobe. A taron karatu na ƙungiyarmu na sha jin labarin da jaruma ta warke daga ciwo da wani haɗi, ko aka faɗi hukuncin kotu, ko tarihin wani gari, da cikakken ƙarfin gwiwa, kuma in ka tambayi marubucin sai ya ce ai haka ake faɗa. Ni ma na yi. Mai karatu ba ya raba ƙagaggen labari da bayanin da ke cikinsa. Ya san jarumar ƙirƙira ce, amma maganin da ta sha yakan ɗauke shi gaskiya, wataƙila ma ya gwada a kan uwarsa. Ƙaryar da ba ta da tushe tana saurin tonuwa. Wadda ke da rabin gaskiya a ciki, irin ta karas, ita ce ke shekara tamanin tana yawo. Yanzu duk jimlar da na rubuta na ji raina ya ce "ai kowa ya sani", nakan ja layi a ƙarƙashinta, ba ta shiga labari sai na tambayi mai sana'ar ko na ga inda aka tabbatar.

Baba ya koma kan baronsa, da tabaran karatu a aljihu. Tafin hannunsa ya washe tuni. Ranar Asabar ni nake kankare masa kaya, ban kuma damu da sunan da ake kirana ba. Makon jiya ina tsaye kusa da shi wata mata ta tsaya saye, ta ce, "Baba, ƙaro mini na ɗari biyu, an ce yana gyara ido, maigidana ne ba ya gani sosai." Ya zuba mata a leda, ya ƙara gyara, sannan ya ce, "Hajiya, karas yana da daɗi, yana da amfani. Amma maigida a kai shi asibiti gobe. Tambayi wannan malamin, zai ba ki labari."