Adakar Kaka

Duk wanda ya taɓa sauke kaya a Gallabat ya san tudun nan da ke kallon Matama. Na fi shekara goma ina wucewa ta gindinsa, hankalina na kan farashin riɗi da canjin birr, ban taɓa tambayar me aka yi a kansa ba. Sai a watan Disamba na 2023, da Wad Madani ta faɗi, motoci suka riƙa kwararowa Gadarif cike da mata da yara da katifu, muka zauna a gida muna shawarar abin da za a ɗauka idan gudu ya kama. A nan Gwaggo ta sa aka jawo adakar Kaka daga ƙarƙashin angarib ɗinta.

Tun ina yaro na san adakar, amma ban taɓa ganinta a buɗe ba. Baba, Allah ya jiƙansa, ba ya son a taɓa ta. Mun ɗauka layu ne a ciki.

Da aka ɓalle kwaɗon, ga abin da muka tarar: minda guda huɗu a naɗe cikin tsohon rawani, wata jar dara da asu ya cinye gefenta, hoton samari uku cikin gajeren wando, da ɗan littafin sallama daga soja wanda takardunsa suka koma ruwan ƙasa. Biyu daga cikin mindodin taurari ne masu tsini shida, ɗaya ta yaƙin Afirka, ɗaya ta Boma. Na juya bayansu, babu suna ko lamba. Haka Ingila ta raba su bayan yaƙin Hitila, ba a zana sunan kowa ba. Littafin ne kaɗai ya san mai su: ga sunan Kaka, ga lambarsa ta soja, ga shekarar sallama 1946, ga kuma garin haihuwa, Kano.

Gwaggo ta ɗora yatsa a kan kalmar, ko da yake ba ta karanta boko. Ta ce, "Wannan ce ta sa ubanku ya kulle adakar nan. Ba don ya ƙi tsohon ba."

Yara na yanzu ba za su gane ba sai an yi musu bayani. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko iyayensa maza suna ƙasar tun ƙarshen 1897. Kaka kuwa bayan yaƙi ya biyo hanyar alhazai, ta Fort Lamy da Abeshe da Jinaina da Obeid, ya tsaya cirar auduga a Jazira don ya tara guzuri, ya yi Hajjinsa, ya dawo ya zauna a Gadarif. Baba a nan aka haife shi, Larabcinsa ya fi Hausarsa, amma ya sha jeka-ka-dawo kafin ya samu jinsiyya. Takardar da ke cewa ubansa ɗan Kano ne, a wurinsa tamkar maciji ce a cikin ɗaki. Bai iya ƙona ta ba, bai kuma iya nuna ta ba. Da na tuna yadda aka fito zanga-zanga a Gadarif a 2008 kan zancen cewa Hausawa ba 'yan ƙasa ba ne, da abin da ya faru da 'yan'uwanmu a Damazin da Rusairis a 2022, sai na kasa ganin laifinsa.

Abin mamaki, garin nan da ake mana kallon baƙi, mutanen yamma ne suka raya shi. Takari, alhazan da suka tsaya a hanya, su ne suka riƙe Gallabat da kasuwarta, har Baturen nan Samuel Baker da ya biyo ta nan a 1862 ya rubuta labarinsu. A nan ne kuma, a watan Maris na 1889, rundunar Mahadiyya ƙarƙashin Zaki Tamal ta gwabza da Habasha, aka kashe Sarki Yohannes na Huɗu, aka kai kansa Omdurman.

Yaƙin tudun kuwa daga baya na bi diddiginsa, ina karantawa a waya da dare idan an samu intanet. Italiya ta ƙwace Gallabat a watan Yuli na 1940. Ranar 6 ga Nuwamba, wani birgediya mai suna William Slim ya kawo sojojin Indiya da na Ingila da 'yan tankoki, suka karɓe kagarar da safe. Duwatsu da nakiyoyi suka lalata yawancin tankokin, jiragen Italiya suka yi ta ruwan bama-bamai, dole ya janye daga kan tudun bai tsallaka Matama ba. Wannan Slim ɗin shi ne daga baya ya jagoranci Runduna ta 14 a Boma. Kaka bai yi yaƙi a Gallabat ba. Shi ta Kenya aka bi da su, cikin birged ɗin Nijeriya da ta shiga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941, ta wuce Harar. Amma Gwaggo ta ce duk sanda ya zo nan cin kasuwa, sai ya hau tudun shi kaɗai bayan la'asar, ya jima, ya sauko bai ce wa kowa komai ba.

Ƙanena ne ya kawo zancen sayarwa. Ya ce, "Yaya, akwai wani a tsallake yana sayen tsofaffin kaya, da dala yake biya. Yara na buƙatar kuɗin hanya. Ƙarfe ne fa kawai." Ban ji haushinsa ba, don a ranar kuɗin motar Gondar ya ninka, kuma matarsa na da tsohon ciki. Ni na ce a bari lafiya ta samu mu kai gidan tarihi, ko Baitul Khalifa na Omdurman inda ake ajiye kayan Mahadiyya, ko Gidan Makama a Kano tunda can ne asalinsa. Ya yi dariya, ya ce wace Omdurman? Ya fi ni gaskiya. Daga baya duniya ta ji yadda aka wawashe babban gidan tarihi na Khartoum, kayan da suka yi shekaru dubbai aka loda su a mota.

Gwaggo ta bari muka gama, tana zuba jabana. Sannan ta ce, "Ku sayar da awarwarona. Tsohon nan bai bar gona ba, bai bar gida ba. Wannan ya bari." Aka sayar da awarwaro biyu.

A daren na shimfiɗa farin ƙyalle, na ɗauki hoton kowane shafi na littafin da waya, gaba da baya, har da inda tawada ta dushe. Na tura a rukunin danginmu na WhatsApp. Kafin asuba ɗan baffanmu da ke Jidda ya kira, yana tambaya ko wanda ke tsakiya a hoton shi ne Kaka, don ya ga hancin 'yarsa. Wata jikar ƙanwar Kaka a Fagge, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta aiko saƙon murya tana kuka, ta ce kakarta ta rasu tana cewa yayanta ya tafi Makka bai dawo ba. Shawarata ga duk mai irin wannan takarda a gida, ko ta soja ce, ko tsohon fasfon alhazai, ko rasitin rumfa: a ɗauki hotonta yau, a tambayi tsofaffi tun suna iya faɗa, kuma kada a raba minda da littafinta.

Gudun bai kama mu ba, alhamdu lillahi. Adakar ta koma ƙarƙashin angarib, sai dai yanzu babu kwaɗo. Ranar Juma'ar da ta wuce na hau tudun da babban ɗana, shekararsa goma sha biyu. Daga sama ana hango gadar da layin masu kura suna jiran a buɗe iyaka. Ya tsinci wani guntun ƙarfe mai tsatsa, ya tambaye ni ko na yaƙi ne. Na ce wataƙila na tsohuwar lori ne. Ya ce duk da haka zai kai wa Gwaggo ta saka a adaka, ya zura shi a aljihu.