Iron Man ɗin Yaya

'Yan ɗakinmu sun gaji da tambayata me ya sa ƙato kamar ni yake ajiye 'yar tsana a saman akwati. To yau bari in ba ku labarin gaba ɗaya, kowa ya huta.

Na Yayana ne, Allah Ya jiƙansa. A wajen masu gwanjo na Kasuwar Kure ya saya, lokacin da fim ɗin farko na 2008 yake tashe a gidajen kallo. Bayan rasuwarsa sai ƙanwarmu ta samu abin, ta shafe shi da jan farce ruwan hoda tun daga kai har ƙafa. Da zan dawo Shango wannan zangon na jefa shi a jaka, na ce sai na dawo masa da kamanninsa.

Nan na tafka kuskure. Na ari ruwan goge jan farce wajen wata 'yar ajinmu, na jiƙa auduga, na ɗora masa a ƙirji, na tafi lakca. Ko da na dawo, wallahi ƙirjin ya yi laushi kamar cingam. Ashe asiton da ke cikin ruwan yana narkar da roba mai tauri, wadda ake kira ABS, kuma da ita ake yawan yin gangar jikin. Hannuwa da kai, masu ɗan laushi, PVC ne, sun fi jurewa in ka goga ka wanke nan take. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Sauran aikin a hankali na bi shi. Na tsoma shi a ruwan zafi gaɓoɓin suka saki, na cire hannuwan. Inda ya yi kauri na kankare da tsinken sakace, na bi da sipirit na kemis da tsohon buroshin goge baki. Kwana 4 ina yi bayan isha'i.

Ramin ƙirjin fa? Wani ɗan sashen zane ya duba ya ce, "Malam, ai mutumin nan yaƙi yake zuwa, bar masa tabonsa." Ya ba ni fentin akirilik. Na sa baƙi a cikin ramin kamar ƙuna, na goge buroshi har ya kusa bushewa, na ɗan shafa ruwan azurfa a gefe-gefe. Sai ga shi kamar ƙarfen da harsashi ya kankare.

In za ku gwada, ku fara gwaji a tafin ƙafa inda ba a gani, kuma ku buɗe taga saboda warin.

Akwai ɗigon ruwan hoda guda a bayan gwiwarsa da na ƙi gogewa. Na tura wa Umma hoton, ta kira ni, muka yi shiru a waya. Can ta ce, "Ka dawo da shi hutu, ƙanwarka tana nemansa."

Ku sa Yaya a addu'a don Allah.